Renon Kaka a Bangon Asibiti

Zuwa ga 'yata Tabarau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni dai da sauƙi, ban da gwiwar nan ta hagu da ta sa ni a gaba. Likita ya ce in rage zama a kan keken ɗinki, na ce masa to ya zo ya ɗinka wa mutane kayansu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Da gangan na yi. In na kira ki, kafin in kai aya kin fara "Gwaggo ki tsaya ki ji." To wannan karon ke za ki tsaya ki ji.

An ɗauke mini jikana Ango. Kin san tun yana jariri, da uwarsa ta koma aikinta na banki, a hannuna yake. Kullum da safe ɗana Injiniya zai sauke shi a ƙofa da 'yar jakarsa, da yamma su biyo su ɗauke shi. A cinyata ya yi haƙori, a tsakar gidana ya koyi tafiya. Gaskiya ne ya kusa shekara uku bakinsa bai buɗe sosai ba, 'yan kalmomi ne kawai, sauran da hannu yake nunawa. Ni ma abin yana damuna, ba dutse ba ce ni.

Kwanakin baya uwarsa ta kai shi asibitin yara. Nas ta tambaye ta wa ke renonsa, ta ce kakarsa. Sai nas ɗin ta ce "Ai shi ya sa," ta nuna mata bango. A bangon akwai wata ƙatuwar takarda mai hoto: wata tsohuwa tana gyangyaɗi a kujera baki buɗe, yaro a ƙasa yana tsotson takalmi. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe wai bincike ya nuna yaran da kakanni ke reno sun fi jinkirin magana. Surukar tawa ta ɗauki hotonta a waya, ta zo har falona, ta buɗa hoton da yatsu biyu ta kawo mini daidai hanci. A ƙasan takardar ga sunan cibiyarku ta nazarin girman yara, ga sunayen masu binciken. Naki ne na biyu. Ta ce, "Mama, ba ni na faɗa ba. 'Yarki ce."

Injiniya yana tsaye yana wasa da makullin mota, ya kasa haɗa ido da ni. Washegari na share tsakar gida, na shimfiɗa masa tabarmarsa, na zauna jira. Ba wanda ya zo. Yanzu wai yana wani gidan reno a bayan gidan mai, ɗaki ɗaya cike da yara da 'yan mata biyu masu latsa waya.

Ni da mahaifinki, Allah ya jiƙansa, 'ya'yan wa da ƙani ne, saboda haka na san tarihinki tun daga tushe. Wa ya rene ki lokacin da mahaifiyarki ke kwance? Ba kakarki ba ce? Kuma wa ya kai ki surutu a zuriyar nan? Kafin ki iya ɗaura zane kin ishi gida da tambaya, har muna ba ki abu a baki don mu samu mu ji kunnenmu. Yau ke ce kika yi karatu kika gano cewa tsofaffi ne ke kashe wa yara baki?

Ina jiran amsa a rubuce. Kada ki kira.

Gwaggonki.

*

Tabarau,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take.

Direban da na ba wa takardata ya rantse mini ya miƙa ta ga mai gadin cibiyarku hannu da hannu. Wata ya kusa shuɗewa. Ashe abin har ya kai in rubuta miki ki share ni? Ko a wurinku sai wanda ya yi digiri ake ba wa amsa?

Na je gidan renon nan da kaina. Matar da ke wurin ta ce ba a ba ta sunana a cikin masu ganin yaro ba. Ta taga na leƙa. Yana zaune a lungu ya juya wa sauran yara baya, yana jera murafen kwalba shi kaɗai. Na kira shi, na sake kira, bai ko waiwayo ba. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

In kin yanke zumunci ne, ki faɗa mini in sani.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara miki lafiya ya ba gwiwa sauƙi. Mu duk lafiya lau, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Maigidan yana gaishe ki.

Gwaggo, wallahi ban share ki ba. Ba na gari. Na tafi taron masana a wata ƙasa, na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin tulin wasu a tebur. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a taron nan wannan binciken na gabatar, aka yi mini tafi, alhali ke kina leƙen Ango ta taga. Na kira ki ya fi a ƙirga, kin ƙi ɗauka. To ga shi a rubuce.

Maganar da ke jikin takardar bangon akwai ta a cikin maƙalarmu, ba zan ɓoye miki ba. Amma rabin magana ce aka yanko. Bari in yi miki bayani dalla-dalla.

Mun bi yara masu yawa tun daga haihuwa har suka fara magana. Da muka fara lissafi, sai muka ga waɗanda ke hannun kakanni sun fi jinkiri. Wannan shi ne layin farko. Sai muka tambayi kanmu, me ya kai yaran nan hannun kakanni tun farko? Muka tarar cewa da yawansu bakwaini ne, ko sun sha jinya suna jarirai, ko uwar ce ta rasu ko take kwance. Wato sun zo wa kakar da matsalarsu ne, ba ita ta sa musu ba. Da muka ware waɗannan, bambancin ya ɓace gaba ɗaya. Abin da ya rage mai tasiri biyu ne: yawan hirar da ake yi da yaro ido da ido, ko wa ke yin ta, da kuma ciwon kunne da ba a gano da wuri ba. Wannan shi ne sakamakonmu na gaskiya, kuma yana can cikin shafukan tsakiya.

Sunan da na ba maƙalar tun farko dogo ne, ba ya jan ido. Daraktanmu ya ce babu mai karanta irin wannan, ya mai da shi "Renon Kaka da Jinkirin Magana." Na yi gardama a lokacin, aka rinjaye ni. Takardar bango kuwa ban taɓa ganinta ba sai da na sa Yaya Injiniya ya turo mini hoton. Da na ga tsohuwar nan da aka zana baki buɗe, da sunana a ƙarƙashinta, sai raina ya yi mummunan ɓaci.

Ki san yadda wurin nan yake, Gwaggo. A barandar ofisoshinmu akwai wani allo da ake liƙa lissafi duk wata: maƙala nawa kowa ya fitar, kuma sau nawa wasu masana suka ambace ta a nasu rubutun. Da wannan ake auna mu. Wannan maƙalar ita ce a sama kullum, an ambace ta sau ɗaruruwa, har an sa shafinta na farko a gilashi an rataye kusa da ƙofar Darakta. Ban taɓa zama na duba me masu ambaton ke cewa mun ce ba. Yanzu zan duba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin ce kin kira Ango ta taga bai waiwayo ba. Don Allah a kai shi wurin likitan kunne a auna jinsa, kada a ɓata lokaci.

'Yarki,
Tabarau.

*

Tabarau,

Na samu takardarki. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Kin gama da ni. Da takardar ta zo na ji sanyi, na ce yau za a wanke ni. Idona ba ya ɗaukar ƙananan rubutunki da yamma, sai na aika aka kira Injiniya da matarsa, na ce su zauna, na miƙa masa na ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ya karanta gaisuwa, ya karanta labarin taronki da tafin da aka yi miki. Yana kai wa inda kika ce maganar akwai ta a cikin maƙalarku, sai matar ta miƙe ta saɓa jakarta ta ce, "To Mama, kin ji da kunnenki." Na ce a ci gaba. Ta ce ita ta ji abin da ta zo ji, yaro yana jiranta. Ta fice. Shi kuma ya ninke takardar ya ajiye mini a hannun kujera ya bi ta kamar an ja shi da igiya.

Ke da kika yi karatu har ƙasashen waje, ba ki san da me ake fara magana ba? Mutum yana tsaye a gaban masu tuhumarsa, sai ki fara da "eh, an faɗa"? Sauran bayanin na karanta shi da safe da tabarauna, na gane shi sarai, ba sai an yi mini fassara ba. Amma wa zan karanta wa? Bango? Yadda kuka binne gaskiyar a tsakiyar maƙalarku, haka kika binne ta a tsakiyar wasiƙarki. Hali ne ya bi ki.

Sannan ki ce wai an rinjaye ki. Da aka rinjaye ki, cire sunanki kika yi? Da ake tafa miki a taron, kin ce musu su dakata?

Na zo kan maganar kunne. Wato bai ishe ku ba an ce na kashe masa baki, yanzu kuma kurma ne? Jikana da ke jin buɗe murfin kwano daga ɗaki? Bai waiwayo ba don fushi yake yi da ni, yana ganin ni na yar da shi a wurin nan. Kada ki ƙara laƙa wa yaron nan wata cuta daga nesa, ke da rabonki da ganinsa tun yana zanen goyo.

Maƙwabciyata mai sayar da sabulu, ita ma surukarta ta fara yi mata gani-gani a kan jikokinta, duk saboda takardar nan. Ku kuna can kuna ƙirga tafi.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Mu lafiya, sai dai ni barcina ya yi ƙaranci.

Kin yi gaskiya a kan yadda na jera maganata, kuma na ji zafin abin da ya biyo baya. Amma ban ce Ango kurma ba ne, Gwaggo, Allah ya kiyaye. Akwai ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunnen yaro bayan mura. Ba ya ciwo, ba ya fitowa waje. Yaro zai ji ƙarar kwano, amma maganar mutane sai ta zo masa kamar daga cikin rijiya. Ana magance shi cikin sauƙi. Na kira matar Yaya da kaina. Da farko ta sha mur, tana ba ni amsa ɗaya-ɗaya. Na ce ba faɗa na kira mu yi ba, na tura mata shafin da ke ɗauke da ainihin sakamakon, na ja layi a ƙarƙashin wurin. Daga ƙarshe dai ta karɓi sunan asibitin kunnen.

Yanzu ki ji abin da ya faru a nan.

Na zauna na bi rubuce-rubucen da suka ambace mu, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya yi ja. Gwaggo, mafi yawansu ba su wuce sunan maƙalar da layin farko ba. Wani ya kwafa daga wani, wancan ya kwafa daga wani. Har na ga wani babban masani ya rubuta cewa cibiyarmu "ta tabbatar" renon kaka na cutar da harshen yaro, ya ba da shawarar a riƙa faɗakar da iyaye mata. Daga irin wannan ne wata ƙungiya ta buga takardar bangon ta raba wa asibitoci.

Na ɗauki duk wannan na shiga wurin Darakta. Na ce dole mu rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar a gyara sunan, a kuma janye takardun bangon. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Dakta, a duk maƙalun da muka fitar, nuna mini wadda aka ambata ko rabin wannan." Na ce ai ƙarya ake ambato. Ya ce, "Mu ba mu yi ƙarya ba. Komai yana cikin maƙalar. In mutane ba sa karatu, laifinmu ne?" Na ce to tambarinmu da ke jikin takardar bangon fa, wa ya ba da izini? Sai ya kama gyaran takardu a tebur. Daga ƙarshe ya ce masu tantance cibiyoyi suna tafe, su ne za su yanke ko a ci gaba da tallafa mana, in bari su zo su tafi sannan mu duba. Na ce akwai yaron da aka raba da kakarsa a kan wannan. Ya ce, "Wannan labarin gida ne, Dakta, ba hujjar kimiyya ba."

Masu tantancewar suka zo, su uku. Tun kafin zuwansu aka goge tagogi, aka sayo sabbin kayan wasa aka zuba a ɗakin da muke kallon yara ta bayan gilashi, kayan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Muka taru a zauren taro. Darakta ya kunna majigi yana nuna lissafin maƙalu da ambato, layi yana ta hawa sama. Sai ya ce yanzu ga tasirin aikinmu ga al'umma. Gwaggo, sai ga tsohuwar nan mai gyangyaɗi ta cika bango, ta fi mutum girma. Ya ce wannan saƙon ya isa asibitoci masu ɗimbin yawa, bincikenmu ya shiga gidajen mutane.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ya shiga gidajen mutane kam. Ya shiga gidan gwaggona ya fito da jikanta." Na ce ni ce na yi lissafin binciken nan da hannuna, kuma abin da ke bangon nan kishiyar abin da muka gano ne. Darakta ya yi murmushi ya ce Dakta tana da wata damuwa ta iyali, za mu tattauna daga baya. Sai ɗaya daga cikin baƙin, wata farfesa mai furfura, ta ce, "A'a, yanzu za mu tattauna. Wane shafi ne?" Na faɗa mata. Ta buɗe ta karanta, kowa yana jira. Da ta gama ta ɗago ta dubi bangon ta ce, "A kashe wannan hoton, don Allah."

Ban san abin da zai biyo baya ba. Darakta bai ƙara yi mini magana ba tun ranar.

'Yarki,
Tabarau.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Yanzu na ɗanɗana abin da kika ji lokacin da takardunki ke kwance a teburina. Wayarki a kashe, Yaya Injiniya kuma in na tambaye shi sai ya ce "tana nan" ya sauya magana. In har yanzu fushin ne, na karɓa, amma ki sa a sanar da ni lafiyarki.

Ga yadda aka ƙare. Masu tantancewa sun ɗage hukuncinsu sai an gyara abin da suka lissafa. Hakan ya sa aikin matasa uku da muke da su na wucin gadi ya tsaya a rataye. Ɗaya daga cikinsu, yarinyar da ni na koya mata aiki, ta tare ni a matakala ta ce, "Anti, kin zaɓi gwaggonki a kanmu." A ɗakin shan shayi, ina shiga hira ke mutuwa. An cire ni daga sabon binciken da na shafe shekara ina tsarawa, an ba wani. Ofishina yanzu shi ne ɗan ɗakin da ke kusa da injin kwafi, duk wanda takarda ta maƙale masa ni yake leƙowa ya tambaya.

Mujallar ta buga gyaran. 'Yan layuka ne a can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe. Ƙungiyar ta ce ta daina buga takardar bangon, amma waɗanda aka riga aka liƙa ba ta da mutanen da za su bi su cire. A watan nan ma an ƙara ambaton tsohuwar maƙalar, da tsohon sunanta, da tsohuwar ƙaryar. Kuma ki ji abin da ya kusa sa ni ihu: da aka liƙa sabon lissafi a allo, sai na ga an ƙirga gyaran a matsayin sabuwar maƙalar da cibiya ta fitar. Adadinmu ya ƙaru da ɗaya.

Na fara zagaya asibitocin garin nan a ranakun hutuna da kwafin gyaran a jaka. Wasu suna cirewa, wasu su ce sai an ba su umarni daga sama.

Ki rubuto, ko da zagi ne.

'Yarki,
Tabarau.

*

Zuwa ga 'yata Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba, ko da yake akwai saura. Gwiwar ce ta kayar da ni a bakin famfo, aka kwantar da ni aka yi mini aiki. Na hana Injiniya gaya miki, don na san halinki, za ki bar abin da ke gabanki ki taho. Takardunki biyu a gadon asibiti na karanta su. Yanzu ina gida, ina takawa da sanda.

Wannan Daraktan naku, Allah ya haɗa ni da shi. Labarin gida! Shi a ina aka rene shi, a cikin kwali? Kuma su mai da ke kusa da injin kwafi, ke da kika fi su gaskiya? Na karanta wurin nan sai da nas ta zo ta ce in daina ɗaga murya. Yarinyar da ta tare ki kuwa, kada ki riƙe ta a rai, tsoron rasa abinci ne ya yi magana. Amma ki tsaya mata har a mai da su aiki, tunda ke kika tayar da ƙurar.

Maganar kunne, ke ce da gaskiya, na faɗa sau ɗaya kada ki sa in maimaita. Uwar ta kai shi. Likita ya ce ruwa ne cike a kunnuwan biyu, ya daɗe a ciki. An yi masa ɗan ƙaramin aiki an zuƙe.

Ranar da na koma a duba mini ɗinkin gwiwar, na sa mai keken haya ya tsaya da ni a asibitin yaran. Takardar tana nan daram a bango, ga mata cike a benci suna kallonta. Na ce wa nas ɗin ta cire, waɗanda suka rubuta ta ma sun janye. Ta ce, "Mama, kayan hukuma ne, ni ba ni da iko." Na ce to ni ina da sanda. Na sa ƙugiyar sandar na fizgo ta tun daga sama, ta taho har da fentin bangon. Na ninke ta na sa a jaka. Wata tsohuwa a benci da jariri a cinya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, tun safe matar nan ta hoton take kallona." Nas ta ce za ta kira mai gadi. Na ce ta kira, ina nan zaune, dama ƙafata ta gaji. Ba wanda ya zo.

Jiya da safe na ji tsayuwar mota. Surukata ce, ita kaɗai, da Ango da jakarsa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe ba ta tashi ba. Ba ta ce in yafe mata ba. Abin da ta ce shi ne, tun da yaron ya ƙi magana take ganin laifinta ne da ta koma aiki, in ta ajiye shi sai ta yi kuka a mota kafin ta shiga ofis, ranar da ta ga takardar nan sai ta ji kamar an sauke mata dutse an ɗora wa wani. Na ce, "Aka ɗora wa ni." Ta ce, "Eh, Mama." Na ce ta tashi kada ta makara. Zuciyata ba ta gama hucewa ba, amma na ga ramar da ta yi.

Shi kuwa gogan, Tabarau, ƙin zuwa wurina ya yi. Na miƙa hannu, ya ɓuya a bayan uwarsa ya riƙe mata zane. Yaron da ba ya cin abinci sai a hannuna, ya tsaya yana kallona kamar baƙuwa. Da uwar ta tafi ya yi kuka a bakin ƙofa har ya gaji. Wannan kuma babu mujallar da za ta buga gyaransa.

Ban matsa masa ba. Na zauna a kujera ina ninke wanki ina ta surutuna ni kaɗai, ina ba shi labarin gwiwa da likita da sandata. Yana daga bakin ƙofa, amma na lura duk kalmar da na faɗa sai ya juyo ya dubi bakina, har da wadda na faɗa ƙasa-ƙasa. Da rana ta yi sama, sai ga shi ya tako a hankali, takalminsa ɗaya a hannu. Ya ɗora mini shi a cinya, ya ɗaga ƙafa yana jira. Na sa masa. Ya koma ya ɗauko ɗayan.

Ki aiko mini da kwafin gyaran nan da yawa, amma ki sake rubuta shi da manyan baƙaƙe, da maganar da mutane za su gane, kuma ki fara da abin da ya kamata a fara da shi. Akwai asibitin yara biyu a hanyar kasuwa, ban leƙa su ba tukuna.

Gwaggonki.